Harshe da Kiɗa a Jamus ta Yamma, 1977–1983: Bayani a kan Wani Tarin Waƙoƙi

A cikin shekara ta 2002 aka fitar da wani tarin waƙoƙi a ƙasar Jamus, faifan sidi biyu a kwali ɗaya, aka sa masa suna Verschwende Deine Jugend. Waƙoƙin da ke ciki ba sababbi ba ne. An yi su tsakanin 1977 da 1983 a Jamus ta Yamma, galibi a birane uku, watau Duseldof da Hambug da Balin ta Yamma, kuma samari da 'yan mata ne suka yi su, da yawansu ba su daɗe da fara taɓa jita ba. Mutum biyu suka zaɓi abin da aka sa a ciki: Jürgen Teipel, ɗan jarida, da Frank Fenstermacher, makaɗi. Shi Teipel ya riga ya fitar da littafi mai wannan suna a 2001 a kamfanin Suhrkamp. Ya yi hira da mutum wajen ɗari, ya yayyanka maganganunsu, ya jera su bi da bi har suka zama labari guda, bai sa bakinsa a ciki ba. Faifan ya biyo baya ne domin wanda ya karanta abin da mutanen suka faɗa ya ji kuma abin da suka rera.

Ba lalle ne kiɗan ya yi wa kunnen malami daɗi ba, gama akwai hayaniya a ciki, akwai kuma muryoyin da ba su taɓa sanin horo ba. Amma ga mai nazarin harshe tarin nan shaida ce ta wani abu da ba kasafai a ke kama shi yana cikin faruwa ba: yadda 'ya'yan wata al'umma suka bar waƙa da harshen aro suka koma ga nasu, da abin da komawar ta yi wa kiɗan, da abin da ta yi wa harshen.

Kiɗan da a ke kira pank ya tashi a Niyok da Landan wajen 1976. Gajere ne, mai sauri, na jita da ganguna, kuma tushensa shi ne ba sai mutum ya ƙware ba kafin ya hau dandali. Abin da ya biyo shi, wanda ya fi shi sassauci ya kuma karɓi na'urorin haɗa sauti, Turawa suka kira shi sabuwar igiya, watau irin igiyar ruwa da ke tasowa a bayan wata. Duka biyu da Turancin Ingilishi suka iso Jamus, kuma samarin da suka fara kwaikwayonsu da Ingilishi suka fara, kamar yadda yayyensu suka yi shekaru ashirin suna yi.

Dalilin wannan yana cikin tarihi. Bayan yaƙin duniya na biyu ya ƙare a 1945, sojojin Amurka da na Ingila suka zauna a yammacin ƙasar, kowanne da gidan rediyonsa, yaran Jamus kuwa nan su ke karkata kunne. Beatles ma a mashayun Hambug suka goge, tsakanin 1960 da 1962. Waƙa da Jamusanci ba ta mutu ba, amma ta rage iri biyu, kuma saurayi mai ji da kansa ba ya son ko ɗaya. Akwai Schlager, waƙar soyayya mai zaƙi da saukin amshi, wadda iyaye ke saurara. Akwai kuma waƙoƙin gargajiya da na fareti, waɗanda mulkin Hitila ya yi amfani da su har taro ya rera waƙa da Jamusanci ya zama abin da ke tuna wa mutane zamanin da ba su son tunawa. Sai magana ta bazu, har ta zama kamar doka, cewa Jamusanci bai dace da kiɗan zamani ba. An sami waɗanda suka karya ta tun da wuri: ƙungiyar Ton Steine Scherben daga 1970, Udo Lindenberg daga farkon shekarun 1970, Kraftwerk da faifansu na 1974, Nina Hagen a 1978. Amma ɗaiɗai ne, ana ɗaukansu baƙin abu.

Ya kamata a auna wannan magana da ma'aunin ilimin harshe, domin irinta a kan faɗa a kan harsuna da yawa. Masu ita su kan kawo hujja da cunkoson baƙaƙe. Gaskiya ne kalma kamar Herbst, watau kaka, wasali ɗaya gare ta da baƙaƙe huɗu a bayansa, abin da ba ya yiwuwa a Hausa, inda gaɓa ba ta rufewa da baƙi fiye da ɗaya. Amma Ingilishi ma yana da irin wannan cunkoso, ba wanda ya ce ya hana shi waƙa. Harshen da Luther ya yi waƙoƙin coci da shi, Bach da Schubert kuma suka ɗora wa kiɗa, ba a ce masa ba ya reruwa. Cikas ɗin yana wani wuri. Kiɗan da samarin ke kwaikwayo an yanka shi ne daidai jikin Ingilishin Amurka, mai yawan kalmomi masu gaɓa ɗaya da wasula masu jawuwa, waɗanda mawaƙi zai lanƙwasa ya zarce da su cikin kalma ta gaba. Jamusanci kuwa yana tsinke kalmominsa. Kalmar da ta fara da wasali hamza ke buɗe ta, kamar dai a Hausa. Baƙin ƙarshe yana bushewa, har Rad, ƙafar keke, da Rat, shawara, furucinsu ɗaya. Ƙarfin murya yana sauka bisa gaɓar tushen kalma, ba ya yarda a gusar da shi don kiɗa, kamar yadda mawaƙin Hausa ba ya gajarta dogon wasali yadda ya ga dama ba tare da kalmar ta sāke ba. Ga kuma fi'ili da ke komawa can ƙarshen jimla idan jimlar ta rataya ga wata. In aka zuba wannan harshe cikin riga da aka ɗinka wa wani, dole ta ɗame a wani wuri ta yi ɓaraka a wani.

Abin da mutanen wannan tari suka yi shi ne suka bar gyaran harshen, suka sāke ɗinkin rigar. Pank ya sauƙaƙa musu, tun da ya ke ba ya neman jan murya, faɗa ya ke so da tsawa. Sai suka gajarta jimla, suka yar da rataye-ratayenta, suka bar kowace gaɓa ta faɗi bisa bugun ganga ɗaya. Tsinkewar nan da a ke gani aibi ce sai ta zama ita ce kiɗan.

Inda abin ya fi bayyana shi ne Duseldof, a wata mashaya mai suna Ratinger Hof, kusa da makarantar koyon zane ta birnin. Matan da ke riƙe da ita, Carmen Knoebel da Ingrid Kohlhöfer, suka fid da tsofaffin kayan ƙawa, suka shafe bango da fari, suka sa fitilu masu haske ƙwal, har wurin ya zama mahaɗar ɗaliban zane da 'yan makarantar sakandare masu kiɗa. Ƙungiyar Male, ta Jürgen Engler, ta fitar da babban faifanta a 1979, wanda a kan lissafa cikin na farko na pank da Jamusanci. Wata ƙungiyar kuwa tarihin sunanta kaɗai ya isa misali. Da fari Charley's Girls a ke kiranta, suna na Ingilishi tsantsa. A 1978 ta zama Mittagspause, watau hutun cin abincin rana na ma'aikata. Mawaƙinta, Peter Hein, shi kansa ma'aikacin ofis ne a wani kamfanin injinan kwafe takardu, ya kuwa riƙe aikinsa shekaru da yawa yana waƙa. Daga baya shi ne muryar Fehlfarben a faifansu Monarchie und Alltag na 1980, wanda masu sharhi a Jamus har yanzu su ke sa shi a sahun gaba.

Sunayen nan sun cancanci a dakata a kansu, domin su ne suka fi nuna rijiyar da aka ɗebo kalmomi. Ba a je wurin mawaƙan dā ba, ba a kuma je karin harshen ƙauye ba. An ɗebo daga allon sanarwa da takardar gwamnati da shafin jarida. Abwärts ta Hambug ma'anarta gangarawa ƙasa, kalmar da a kan gani jikin na'urar hawa bene. Palais Schaumburg sunan gidan da shugabannin gwamnati suka yi ofis ne a Bon daga 1949 zuwa 1976. Wirtschaftswunder shi ne laƙabin da aka yi wa farfaɗowar arzikin ƙasar bayan yaƙi, abin alfaharin iyaye. Die Krupps daga gidan Krupp ne, masu masana'antar ƙarfe a Essen, waɗanda suka ƙera wa Jamus makamai a yaƙoƙin duniya biyu. Der Plan shi ne tsari, kalmar ma'aikata. Deutsch Amerikanische Freundschaft, abotar Jamus da Amurka, shaguɓe ne ga ƙungiyar abotar Jamus da Tarayyar Sobiyet ta Jamus ta Gabas, taƙaitawarsa kuma, DAF, harafi ɗaya ya raba ta da RAF, 'yan bindigar da suka sace Hanns Martin Schleyer suka kashe shi a kakar 1977. Wanda ya ji sunan a lokacin, duka biyun ya ke ji. Hikimar ita ce a ɗauki busasshiyar maganar manya, a faɗe ta yadda ta ke, ba ƙari ba ragi, a wurin da ba nata ba, har mai ji ya ji abin da ke ƙarƙashinta. Wannan ba ya yiwuwa da harshen aro, gama sai wanda ya tashi yana jin kalmar a bakin mahaifinsa da malaminsa da ɗan sanda ya ke jin nauyinta.

A nan akwai abin mamaki kaɗan. Mutumin da ya fi kowa tsananta wannan salo ba a Jamus aka haife shi ba. Gabi Delgado, mawaƙin DAF, ɗan Ƙurɗuba ne ta ƙasar Andalus, an haife shi a 1958, yana yaro iyayensa suka yi ƙaura zuwa Jamus. Jamusanci harshensa na biyu ne, kuma mai yiwuwa wannan ne ya sa ya ji shi a matsayin sauti kafin ya ji shi a matsayin abin kunya. Bayan ƙungiyar ta rage mutum biyu, shi da Robert Görl mai ganguna, suka yi faifan Alles ist gut a 1981 a ɗakin ɗaukar sauti na Conny Plank kusa da Kolon, ba jita ko ɗaya, sai na'ura mai maimaita 'yan sautuka da ganga da murya. Kamfanin Ingila ne, Virgin, ya buga shi, amma ba su koma Ingilishi ba. Jimlolin Delgado galibi umurni ne, kalma biyu ko uku. To, umurni da Jamusanci shi ne sautin da duniya ta sani daga fina-finan yaƙi, shi ne kuma abin da mawaƙan ƙasar suka yi shekaru suna kauce wa. Shi sai ya kai shi filin rawa.

Sunan tarin ma daga wata waƙar DAF ta 1981 aka ɗauko shi, kuma umurni ne. In an juya shi zuwa Hausa zai zama kamar a ce, yi almubazzaranci da ƙuruciyarka. Amma juyin yana zubar da abubuwa uku. Na ɗaya, fi'ilin verschwenden ɗan'uwan verschwinden ne, ɓacewa, watau asalinsa sa abu ya ɓace, dangantaka irin ta fita da fitar, ko ɓata da ɓatar. Na biyu, lamirin deine na sabo ne, wanda a ke yi wa aboki da yaro, ba na girmamawa ba, kuma ba ya rarrabe namiji da mace, alhali Bahaushe sai ya zaɓa tsakanin ƙuruciyarka da ƙuruciyarki. Na uku shi ya fi nauyi. Jugend tana nufin lokacin ƙuruciya, tana kuma nufin matasa a dunƙule, kuma da ita aka yi sunan ƙungiyar matasan Hitila, da ita kuma aka yi sunan ƙungiyar matasa ta gwamnatin Jamus ta Gabas. Gwamnati biyu ke nan suka ɗauki ƙuruciya dukiyar ƙasa wadda ba a taɓa ta sai da izini. Cewa mutum ya ɓarnatar da tasa, a wannan harshe, ya wuce kiran sharholiya.

Balin ta Yamma hanyarta dabam. Birni ne da katanga ta kewaye tun 1961, mazaunansa ba a ɗaukarsu aikin soja na tilas, haya kuma da araha a unguwanni irin Kreuzberg, sabo da haka samari masu gudun kaki suka taru a can. A 1978 aka buɗe zauren SO36. A 1980 aka kafa Einstürzende Neubauten, watau sababbin gine-gine masu rushewa, waɗanda ke kiɗa da tarkacen ƙarfe da injinan huda bango. Gudrun Gut da Bettina Köster suka kafa Malaria! a 1981, ƙungiya ta mata zalla. A watan Satumba na wannan shekara aka yi wani biki da aka kira na Geniale Dilletanten, haziƙan 'yan koyo. Daidai rubutun kalmar Dilettanten ne, da l ɗaya da t biyu, su kuwa suka juya, suka kuma riƙe kuskuren ya zama tutarsu, har Wolfgang Müller ya sa shi a bangon littafinsa na 1982. A ƙasar da ƙamus ɗin Duden ke da matsayi kusa da na doka a wancan zamani, kuskuren harafi ɗaya magana ce.

Sunan da ya rufe dukan wannan motsi, Neue Deutsche Welle, sabuwar igiyar Jamus, ya bazu ne daga maƙalolin da Alfred Hilsberg ya fara bugawa a mujallar Sounds a watan Oktoba na 1979. Hilsberg ya kafa kamfanin faifai na ZickZack a Hambug a 1980. Ba a daɗe ba manyan kamfanoni suka ga akwai kasuwa, suka karɓe sunan suka liƙa wa duk wanda ke waƙa mai sauƙi da Jamusanci. Trio suka yi tashe a 1982, Nena a 1983, har waƙarta ta balan-balan ta kai matsayi na biyu a Amurka a 1984, da Jamusancinta. Waɗanda suka fara abin sun ɗauki wannan a kan Schlager ce ta dawo da sabuwar riga, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai ba a musun cewa daga lokacin ba wanda ya ƙara cewa harshen ba ya reruwa.

To, a nan ne ya wajaba a yi hattara da tarin. Duk wanda ya taɓa tattara waƙoƙin baka ya san mai zaɓe marubuci ne a ɓoye. Shekarar 1983 da aka tsaya a kanta hukunci ce, ma'anarta abin kirki ya ƙare sa'ad da kasuwa ta shigo. Fenstermacher ɗan Der Plan ne, ya yi busa a faifan Fehlfarben, yana kuma cikin masu kamfanin Ata Tak da ke da hannu a fitar da tarin. Teipel ma ɗan cikin gida ne, yana saurayi ya riƙa buga 'yar mujallar pank a Regensburg. An ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma mai ita ba shi ne ya fi kowa adalci wajen lissafin wa ya riga wa ba. Labarin da suka bayar ya karkata ga Duseldof da masu alaƙa da makarantar zane. Akwai wani reshen pank, na siyasa tsagwaronta, irin na Slime ta Hambug, wanda ya yi nasa tarin tun 1980, Soundtracks zum Untergang, ya kuwa gamu da fushin hukuma sabo da abin da aka faɗa a ciki game da 'yan sanda. Wanda ya saurari wannan zai sami wani Jamusancin, na zagi da taken zanga-zanga, ba shaguɓe a cikinsa. Tari irin wannan da aka yi a lokacin, abin yana ɗanye, ya bambanta da wanda aka yi bayan shekara ashirin, bayan an san waɗanda suka yi suna. Na biyun ya fi tsari, na farkon ya fi zama shaida. A 2002 ɗin nan kuwa aka yi baje kolin wannan zamani a zauren nunin zane na birnin Duseldof, watau hayaniyar mashaya ta shiga gidan adana kayan tarihi.

Jamus da ke cikin bayanin tarin kuma rabin Jamus ce. A Gabas ma akwai 'yan pank, su ma da Jamusanci su ke waƙa, amma a ɗakunan coci da ƙarƙashin gidaje, 'yan sandan ciki na Stasi suna bin sawunsu, waɗansu har kurkuku. A 1983 aka yi fasa-ƙwaurin kaset ɗin ƙungiyoyi biyu, Schleim-Keim da Zwitschermaschine, aka buga su a Balin ta Yamma da sunan DDR von unten, ta farkon ma sai da ta ɓoye sunanta. Harshe ɗaya, kalmomi kusan ɗaya, amma abin da ya ke wasa da wuta a Duseldof, a Erfurt wutar ce kanta.

Saura wahalar da ke jiran wanda zai karantar da irin wannan matani daga takarda. Akwai wata waƙa da Delgado ya tsara kalmominta a kan tsoron da Jamusawa ke yi wa Turkawa 'yan ci-rani. Ƙungiya uku suka ɗauke ta: Mittagspause da Fehlfarben da sunan Militürk, DAF kuma da sunan Kebabträume. Ɗan baƙi ne ya yi ta yana yi wa masu tsoron ba'a, ta hanyar ara bakinsu da zuguguta maganarsu har ta zama abin dariya. Amma ba a rasa masu saurare da suka ɗauke ta a kan fuskarta, suka amsa da zuciya ɗaya. Haka aka yi da Der Mussolini, inda aka mai da sunayen masu mulkin kama-karya kamar sunayen taken rawa, aka yi ta gardama a jaridu ko ba'a ce ko yabo. Nahawun jimlar bai nuna ko wanne ba. Alamar tana cikin murya, da wurin da aka rera, da sanin wanda ke rerawa, kuma ɗaukar nan uku ta waƙar Turkawa ba murya ɗaya aka yi su da ita ba: ta Fehlfarben da jita da muryar Hein mai kaifi, ta DAF bisa na'ura mai bugu ɗaya ba hawa ba sauka. Ɗalibin da aka miƙa wa kalmomin a rubuce matani ɗaya zai gani, wanda aka kunna wa faya-fayen zai ji uku.